Labarin Jeri Makoli, Mashayin da Ya Buɗe wa Mashaya Ƙofa

A cikin sababbin masu bi, da masu neman sanin hanyar Yesu, akwai waɗansu da giya ta ɗaure su tun kafin su ji bishara. Sun tuba da gaskiya, sun yi alkawari a gaban jama'a, amma in ranar kasuwa ta kewayo sai ƙafa ta kai su inda ba su yi niyya ba. Daga nan kunya ta hana su komowa majami'a, su riƙa cewa a ransu tubansu ƙarya ne, Allah kuma ya gaji da su. Domin irin waɗannan aka rubuta wannan labari. Labarin wani mutum ne, Jeri Makoli, wanda Turawa su ke rubuta sunansa Jerry McAuley. Ya tuba ya faɗi, ya sāke tuba ya sāke faɗuwa, bai kuwa tsaya da ƙafafunsa ba sai da Allah ya haɗa shi da 'yan'uwa masu riƙe shi.

Ƙuruciyarsa

An haifi Jeri a shekara ta 1839 a ƙasar Ailan, wani tsibiri yamma da Ingila. Ubansa mai buga kuɗin jabu ne, ya tsere wa hukuma ya bar gida tun yaron bai san shi ba. Kakarsa ce ta rene shi. Ba a sa shi makaranta ba, ba a koya masa sana'a ba, ya tashi cikin yawo da ɓarna. Da ya kai shekara 13 aka sa shi a jirgin ruwa aka aika da shi birnin Niyok a ƙasar Amurka, wurin yayarsa mai aure.

Bai daɗe a gidanta ba ya koma unguwar bakin kogi, inda manyan jirage su ke tsayawa. A wannan unguwa akwai wata hanya da a ke kira Water Street, watau Hanyar Ruwa, cike ta ke da gidajen giya da gidajen rawa. A nan ya koyi dambe, ya koyi sha, ya koyi sata. Da dare shi da abokansa su kan shiga ƙaramin kwalekwale su lallaɓa gindin jiragen su kwashe kaya, da rana su sayar, kuɗin kuwa ya ƙare a gidan giya. Mutanen unguwa su ka shiga jin tsoronsa, har masu sayar da giyar ma sun gaji da shi.

A watan Janairu 1857, tun bai cika shekara 20 ba, aka yi masa shari'a a kan fashi, aka yanke masa ɗaurin shekara 15 da wata 6 a kurkukun Sing Sing, a bakin kogin Hudson, arewa da birnin. Har ya mutu yana cewa wannan fashin ba shi ya yi ba, amma bai taɓa musun cewa ya aikata laifofi da yawa waɗanda su ka isa a ɗaure shi ba.

Cikin kurkuku

A kurkuku ya koyi karatu. Bayan 'yan shekaru, wata Lahadi aka tara 'yan sarƙa a ɗakin sujada, Jeri ya ɗaga kai ya ga mai maganar wani ne da ya sani sarai, Orville Gardner, tsohon ɗan dambe, wanda dā su ke mugunta tare. Gardner ya sauko daga wurin tsayawar masu wa'azi ya tsaya a tsakiyarsu, ya ba da labarin yadda Yesu ya cece shi, hawaye na zuba masa. Jeri ya sha jin wa'azin malamai bai dame shi ba. Amma wannan mutum ya san shi, ya san ba mai kuka ba ne, ya san kuma ba riya ya ke yi ba.

Da ya koma ɗakinsa ya sauko da Littafi Mai Tsarki da aka ajiye masa, wanda ƙura ta rufe, ya shiga neman wata aya da ya ji a bakin Gardner. Cikin nema ya yi ta karatu, har maganar ta kama shi. Ya yi kwanaki yana fama da zuciyarsa, daga bisani ya durƙusa a kan daɓen dutse ya roƙi gafara, ya sami salama. Ya fara gaya wa waɗansu 'yan sarƙa, waɗansunsu kuwa su ka ba da gaskiya. Ran 8 ga Maris 1864 Gwamna Horatio Seymour ya yafe masa sauran ɗaurin, ya fita bayan ya yi shekara 7 da 'yan watanni.

Faɗuwarsa

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura ƙwarai. Jeri ya fita kurkuku yana mai bi na gaskiya, da niyyar yin zaman kirki. Amma ba wanda ya tarye shi a bakin ƙofa. Bai san wata ikilisiya ba, ba shi da aboki ko ɗaya mai bi a cikin birnin duka, kunyar tarihinsa kuma ta hana shi kutsa kai cikin mutanen kirki. Waɗanda ya sani su ne mutanen dā. Masaukin da ya samu a bisa gidan giya ya ke. Wani aboki ya miƙa masa wata giya marar ƙarfi, ya tabbatar masa ba ta bugarwa. Ya sha, tsohon ƙishi ya farka, ba da jimawa ba ya koma barasa mai zafi. Zama da maɗaukin kanwa, in ji mutanenmu, shi ke kawo farin kai.

Shekara 4 ya yi cikin wannan hali, ƙarshensa ya fi farkonsa muni. Lokacin yaƙin basasar Amurka ne, ya shiga dillancin kai mutane aikin soja yana cin rabonsa daga kuɗin da a ke ba su, yaƙi ya ƙare a 1865 ya koma satar kogi. Wani dare yana a buge ya faɗa ruwa, ya nutse, ya yi kira ga Allah daga cikin ruwan, ya tsira da ƙyar. Duk da haka ya koma sha. Tsoron mutuwa ya girgiza shi, amma bai kwance shi ba.

Mutumin da ya ƙi rabuwa da shi

A shekara ta 1868 wani ma'aikacin bishara mai suna Henry Little yana bin gida gida a unguwar, ya shiga gidan da Jeri ya ke haya. Jeri ya ji ana ambaton sunan Mai Ceto a bakin matakala, ya fito cikin tsummoki ya bi mutumin zuwa wani gidan mishan, ya sa hannu a takardar alkawarin barin giya. Da ya komo wurin abokinsa, aka yi masa dariya, aka zuba masa, ya sha. Alkawarin takarda ya karye tun tawada ba ta gama bushewa ba.

Little bai yi fushi ya tafi ba. Ya yi ta komowa. Wata rana ya iske Jeri ba ko anini, ba abinci, yana shirin fita satar kogi da dare. Little matalauci ne, ba shi da kuɗin da zai ba shi. Sai ya nuna masa a shirye ya ke ya tuɓe kwat ɗin da ke jikinsa ya kai jingina, da dai Jeri ya koma sata. Jeri ya dubi rigar, ya ga tsohuwa ce, ba za ta kawo wani abin kirki ba, ya gane mutumin nan iyakar abin da ya mallaka ke nan ya ke so ya bayar dominsa. Wannan dare bai fita ba.

Daga nan Little ya riƙa kai shi taron addu'a, ya haɗa shi da waɗansu masu bi, su ka karɓe shi a gidajensu, su ka ci abinci tare da shi, su ka nema masa aiki. Kada a ce daga ranar kome ya daidaita. Cikin watannin farko ya sāke faɗuwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amma yanzu akwai bambanci, gama in ya faɗi akwai masu fita nemansa, akwai kuma wurin da zai koma ya faɗi laifinsa a fili ba a kore shi ba. Ya lura kuma taba tana tayar masa da ƙishin giya, sai ya bar ta ita ma. Tun daga lokacin nan ya tsaya, bai ƙara sha ba har ƙarshen ransa.

Akwai wata mace, Mariya Fahy, ita ma asalinta Ailan, ita ma giya ta ci ƙarfinta, dā suna zaman banza tare. Ita ma ta tuba. Su ka raba wurin zama har su ka yi aure bisa ga ƙa'ida a 1872, ta zama abokiyar aikinsa har mutuwa ta raba su.

Gidan Hanyar Ruwa

Wata rana yana cikin aikinsa sai ya ga kamar wahayi. Ya ga kansa da wani gida a tsohuwar unguwarsa, mutane suna shigowa da dauɗa, shi yana wanke su daga waje, Ubangiji yana wanke su daga ciki. Ya tuna ranar da ya fito kurkuku ba mai taryensa, ya ƙudura a ransa zai buɗe irin ƙofar da shi bai samu ba. Ya zaga tarurrukan masu bi yana ba da labarinsa, aka tara masa 'yan kuɗi. Wani attajiri mai aikin banki, A. S. Hatch, ya amince da shi, ya ba shi wani gida mai lamba 316 a Hanyar Ruwa, wanda dā gidan rawa ne. A watan Oktoba 1872 aka buɗe shi da suna Helping Hand for Men, watau hannun taimako ga mazaje.

Ga yadda a ke yi a gidan. Kowane dare ƙofa a buɗe ta ke, ba a karɓar kuɗi, ba a tambayar mutum addininsa ko laifinsa. Mai jin yunwa a ba shi abinci, wanda ba shi da makwanci a ba shi wuri gwargwadon hali. A yi waƙa, a karanta Littafi kaɗan, sa'an nan a ba da fili ga shaida. Doguwar magana ba ta da wuri a can, Jeri ya kan tsai da mai jan zance, domin kowa ya sami rabonsa. Mutum ya tashi ya faɗi abin da ya ke dā, da abin da ya same shi, da kwana nawa ke nan bai sha ba. Jeri da kansa shi ke farawa, ba ya ɓoye ko sata ko kurkuku ko faɗuwarsa. Mashayin da ya shigo yana rawar jiki ya kan ji labarin kansa a bakin mutum goma, ya ga kuma su goman nan a tsaye su ke da hankalinsu. Abin da Gardner ya yi wa Jeri a kurkuku, shi ne gidan nan ya ke yi kowane dare.

Aikin bai tafi sumul ba. Masu gidajen giya sun ga ana janye musu masu ciniki, su ka riƙa turo 'yan iska su ta da taro, ana jifa, ana zagi. Waɗansu da aka ciyar sun yi sata sun gudu, waɗansu sun tuba sun koma, sun sāke dawowa. Jeri ya kan karɓe su, gama ya san sau nawa aka karɓe shi. A 1876 aka rushe tsohon gidan katako aka gina na tubali a wurin. A 1882 ya buɗe gida na biyu, Cremorne Mission, a wata unguwar shashanci a tsakiyar birnin.

Labarin Samuel Hadley

A watan Afrilu na shekarar nan ta 1882, wani mutum mai suna Samuel Hadley yana zaune a kan gangar barasa a wani gidan giya. Ya sayar da duk abin da ya mallaka, ya yi kwanaki bai iya cin abinci ba, yana ganin abubuwan ban tsoro waɗanda ba su nan. Ya tashi ya tafi wurin 'yan sanda ya roƙa a kulle shi don kada ya sha. Ran Lahadi 23 ga wata ya je Cremorne, ya ji shaidar mutane fiye da 20 waɗanda dā kamarsa su ke, ya fito gaba ya durƙusa tare da waɗansu mashaya. Jeri ya yi addu'a, Mariya ta yi, sa'an nan Jeri ya ɗora masa hannu a ka ya nuna masa lalle sai ya yi roƙo da bakinsa. Hadley ya yi, ya kuwa shaida daga baya cewa tun daga wannan dare sha'awar giya ta rabu da shi. A 1886 ya zama shugaban gidan Hanyar Ruwa, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1906.

Dubi mutanen nan biyu. Ɗaya an kwance shi dare ɗaya, ɗaya kuwa sai da ya yi ta tuntuɓe. Mai Ceto ɗaya ne ya cece su. Saboda haka wanda aka kwance nan da nan kada ya rena mai fama, mai fama kuma kada ya ce tun da nasa bai zo kamar na wancan ba, ba a karɓe shi ba. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu biyu sun zauna cikin jama'ar 'yan'uwa har ƙarshe, suna taimakon waɗansu.

Mutuwarsa da abin da ya bari

Jeri ya daɗe yana fama da tarin fuka. Ya mutu ran 18 ga Satumba 1884, yana da shekara 45. Ranar jana'izarsa babbar majami'ar da aka kai shi ta cika, mutane su ka tsaya a hanya, attajirai da malamai da tsofaffin 'yan sarƙa kafaɗa da kafaɗa. Mariya ta ci gaba da riƙon Cremorne shekaru bayansa. Gidaje irin nasa su ka yaɗu cikin biranen Amurka, a 1913 kuma aka kafa wurin shan ruwa a wani dandali na Niyok don tunawa da shi.

Har wa yau akwai wani reshe. Wani masani, William James, ya sa shaidar Hadley a cikin littafinsa na 1902. A watan Disamba 1934 wani mashayi mai suna Bill Wilson ya karanta littafin nan yana kwance a asibiti a Niyok. A 1935, a garin Akron, shi da wani likita mashayi, Bob Smith, su ka kafa ƙungiyar da a ke kira Alcoholics Anonymous, watau mashaya masu ɓoye suna. Ƙungiyar ba ikilisiya ba ce, ba ta kuma ƙarƙashin wani addini, amma tushen aikinta shi ne mashayi ya zauna da mashayi su faɗa wa juna gaskiya. Yanzu tana taruwa a ƙasashe da yawa na duniya.

Abin da za ka yi

Ya ɗan'uwa, ko 'yar'uwa, in burukutu ko barasa ko bammi ya fi ƙarfinka, kada ka zauna kai kaɗai kana jiran ranar da za ka yi ƙarfi sa'an nan ka fito. Jeri ya gwada wannan shekara 4. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tuna shanyayyen nan da a ke ba da labarinsa a Markus sura 2: ba da ƙafarsa ya je wurin Yesu ba, mutum huɗu ne su ka ɗauke shi.

Da fari, ka faɗa wa mutum ɗaya amintacce gaskiyar yawan abin da ka ke sha, ko mai koyarwa na majami'arku, ko wani dattijo, mace kuwa ta nemi wata uwa a cikin zumuntar mata. Ka tambaye shi ko akwai waɗanda su ka bar sha a garin, da inda su ke taruwa.

Na biyu, ka je asibiti. In mutum ya daɗe yana sha da yawa kullum, ya kuwa bari farat ɗaya, jikinsa ya kan yi rawa, ya yi gumi, wani har ya yi farfaɗiya ko ya ruɗe cikin kwana biyu ko uku, wannan kuwa ya kan yi kisa. Likita yana da maganin da zai sa a ƙetare kwanakin nan lafiya. Neman likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ma'aikatan asibiti kuma sau da yawa sun san inda masu barin sha su ke taruwa.

Na uku, ka auna taron da ka samu da ma'aunin gidan Jeri. Taron kirki yana da rana da lokaci tabbatattu. Ba ya sayar da warkarwa. A cikinsa akwai waɗanda su da kansu sun sha wannan wuya. Abin da aka faɗa a ciki ba ya fita kasuwa. Wanda ya faɗi ana nemansa, ana karɓarsa. Ba a hana mutum zuwa wurin likita. Amma wurin da a ke sa wa mutane mari, ana dūkansu, ana hana su abinci da sunan gyara, ka guje shi, kada kuma ka kai naka can.

Na huɗu, ka sāke hanya. In hanyarka ta komowa daga gona ko wurin aiki ta bi ta ƙofar gidan giya, ka bi wata ko da ta fi nisa. Ran kasuwa da ran biyan albashi ka tafi tare da ɗan'uwa. Kada ka yarda da mai cewa wannan ba ta bugarwa, gama da irin wannan aka kā da Jeri.

In kuwa ba irin wannan taro a garinku, mutum biyu sun isa farawa. Ku sa rana, ku zauna a zaure ko a gindin itace, ku yi addu'a, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ku yi alkawarin neman juna in ɗaya bai zo ba.

Ku kuma masu bi waɗanda Allah ya kiyaye ku daga wannan jaraba, maganar ta shafe ku. Sa'ad da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, almajirai sun ji tsoronsa, sai da Barnaba ya kama hannunsa ya shigar da shi. Jeri Makoli ya yi hasarar shekara 4 domin ba a sami mai yi masa haka a ƙofar kurkuku ba, ya kuwa tsira sa'ad da aka sami matalauci ɗaya wanda ya ƙi rabuwa da shi. Ku duba cikin majami'arku, wane ne aka kwana biyu ba a ga fuskarsa ba. Wataƙila yana gida, kunya ta rufe shi, yana tsammani an gama da shi. Ku tafi ku yi masa sallama tun kafin Lahadi ta kewayo.